Me ya sa dallar da na ɗora a sahara take kama da liƙi?

Wani ƙanenmu da ke aiki a shagon buga katin biki da hotuna a nan Jidda, ta wajen Bab Makka, ya turo min hoton da ya haɗa, da tambaya a ƙarƙashinsa. Dalla ce, butar gahawar Larabawa, ya mai da ita ƙatuwa kamar bene, tana tsaye a tsakiyar sahara tana tsiyayo yashi ta baki, wani mutum ɗan mitsitsi ya tara finjali a gindinta. Ya ce: "Yaya, kwana uku na yi a kansa. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau, amma kamar liƙa ta aka yi. Manhajar ce ba ta da ƙarfi, ko akwai sirrin da ban sani ba? In sayi Photoshop?"

Ƙanena, ajiye riyal ɗinka tukuna. Tunanin da ka yi mai kyau ne, kuma yankan da ka yi wa dallar bai da laifi sosai. Abin da ya kayar da hoton shi ne rana uku ce a cikinsa. Duba tuddan yashin: inuwarsu ta kwanta hagu, doguwa, ke nan rana tana dama kuma ta yi ƙasa, la'asar sakaliya. Duba mutumin: inuwar hularsa ta sauka a kan hancinsa, da tsakar rana aka ɗauke shi. Sai ka matso da cikin dallar. Ka ga wannan farin layin dogo a ƙirjinta? Fitilar silin shagonku ce. In ka ƙara matsowa har ƙofar gilashin za ka gani, da kai kanka riƙe da waya. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne, duk inda aka ɗauke shi sai ya tona asirin wurin. Mutanen da suka ce maka "kamar liƙi" ba su san wannan bayanin ba, amma idonsu ya sani, don tun suna rarrafe suke kallon rana da inuwa.

Irin wannan aiki Larabawa suna ce masa siryaliyya, daga kalmar Faransanci da mawaƙi Guillaume Apollinaire ya ƙirƙira a 1917, kafin André Breton ya fitar da sanarwar kafa tafiyar a Faris a 1924. Ni hoton mafarki nake ce masa. A mafarki kakan ga abin da ba ya yiwuwa, amma kana ciki ba ka musu, saboda komai na kewaye da shi daidai yake. Je ka nemi zanen Salvador Dalí na 1931, mai agogunan da suka narke suna rataye kamar tsumma. Agogo ba ya narkewa, shi ke nan ƙaryar. Amma duwatsun gaɓar tekun da ke baya na garinsu ne a Kataloniya, hasken daga wuri guda yake zuwa, kowane abu da inuwarsa. René Magritte, mutumin Beljiyam, ya zana ƙaton dutse yana shawagi bisa teku a 1959, kuma ya zana dutsen da ruwan tamkar yana kwafar su daga taga. Ƙa'idar ke nan da nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni: a hoto ɗaya ƙarya ɗaya ake yi, sauran kuma a faɗi gaskiya har da rantsuwa. Mu ma mun san haka tun a gindin kaka. Gizo yana magana, yana auren Ƙoƙi, amma yunwarsa yunwa ce irin tamu, sarkin da yake yaudara kuma sarki ne irin wanda muka sani. Da komai na tatsuniya ƙarya ne, da ba yaron da zai zauna.

Kai a naka hoton ƙaryar da ka yi niyya ɗaya ce, girman dalla. Sauran ƙaryayyakin, na haske da na inuwa da na tsayin kyamara, su suka shigo ba da sallama ba.

Bari mu fara da tsayin kyamara, don shi ne wanda babu manhajar da za ta gyara maka bayan an ɗauka. A fili shimfiɗaɗɗe, layin da sama ta haɗu da ƙasa kullum yana daidai tsayin kyamara. In ka ɗauki hoto a tsaye, kyamara a saitin idonka, wajen mita 1.6 daga ƙasa, layin nan zai ratsa kan duk wanda ya kai tsayinka, na kusa da na nesa. To ka ce dallarka mita 8 ce. Mita 1.6 kashi ɗaya cikin biyar ne na mita 8, saboda haka dole layin ya ratsa ta a kashi ɗaya cikin biyar daga gindi, kuma dole mai kallo ya ga ƙasan bakinta da ƙasan mariƙinta, kamar yadda kake ganin bene in kana tsaye a titi. A hotonka kuwa saman murfin nake gani, alamar ka ɗauke ta tana kan tebur kana tsaye a kanta. Ƙwaƙwalwa tana ganin saman murfi sai ta ce wannan ƙaramin abu ne, ko ka cika fuskar waya da shi. Lissafin gyaran ba wuya. In dallar gaske santimita 20 ce, kana so ta zama mita 8, ka ninka ta sau 40 ke nan. Sai ka raba komai da 40. Tsayin kyamara, mita 1.6, ya koma santimita 4 daga kan abin da ta zauna. In kana so a ga kamar tana nesa da mita 40, ka ajiye kyamara mita 1 daga gare ta. Da waya ma abin ya fi sauƙi, ka juya ta kai ƙasa, idon kyamarar ya kusa taɓa daɓe. Kuma da irin gilashin kyamarar da aka ɗauki saharar za ka ɗauki dallar; kada wannan ya zama da mai faɗi, wancan da mai jawo nesa.

Akwai wani abu da ke tona ƙanƙantar abu, shi ne dishi-dishi. In ka ɗauki ƙaramin abu daga kusa, bakinsa yakan fito tar, mariƙinsa ya yi hazo-hazo. Bene ba ya yin haka a hoto. Saboda haka ka kashe yanayin nan na waya mai dusashe baya, in kuma kyamara ce ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, komai ya fito daga gaba har baya.

Yanzu inuwa, kuma a nan zan daɗe, don nan ne na sha kunya. Shekarun baya na haɗa wa wani mai shago babban allon talla, raƙumi yana tafiya a kan gajimare bisa tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, masu tagogin katako, waɗanda ake kira rawashin. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Ranar da aka kafa shi, wani dattijo tela, mutumin Katsina, da ko waya mai shafawa ba ya riƙewa, ya tsaya ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya ce min: "Ɗana, garin nan hantsi ne, raƙumin kuma ya yi la'asar." Ban sami abin cewa ba. Mutumin da ya shekara sittin yana duba inuwa don ya san lokacin salla ba za ka ruɗe shi da inuwa ba.

Kuma ilimin da ka yi a islamiyya ya ishe ka a nan. An koya mana la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsayinsa, ban da inuwar zawali. Inuwa tana daidai da tsayin abu ne sa'ad da rana take a kusurwar digiri 45. Rana ta ƙara yin ƙasa, inuwa ta ƙara tsawo. To ka nemi wani abu a hoton saharar da ka san tsayinsa, ko ɗan itace, ko dutse, ka ga inuwarsa ta ninka shi sau nawa, kuma ina ta nufa. Inuwar dallarka ma haka za ta ninka ta, can kuma za ta nufa. Mu da ke wannan yanki sai mun ƙara kula, domin rana takan tsaya cak a kan Ka'aba sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, kuma Jidda kusan layi ɗaya take da Makka. A waɗannan watanni inuwar azahar a ƙarƙashin ƙafa take, kusan babu ita. Wanda ka ɗauka da azahar a watan Yuni ba zai taɓa zama lafiya a cikin hoton yamma ba, kome ka shafa masa.

Inuwar kanta iri biyu ce, kai kuma ɗaya ka yi, ita ma da baƙin burushi mai laushi, shi ya sa ta yi kama da hayaƙi. Akwai 'yar siririya mai duhu sosai daidai inda abu ya taɓa ƙasa. Ita ce ke zaunar da abu. In babu ita sai ya yi ta shawagi. Ɗora kofin shayi a kan tebur ka kwantar da kai ka duba gindinsa, za ka gan ta. Sannan akwai doguwar, mai siffar abin, wadda bakinta yake da kaifi kusa da gindi, yana ƙara laushi tana nisa. Kuma inuwar waje ba baƙa ba ce. Inda rana ba ta kai ba, shuɗin sama ne ke haska wurin, shi ya sa inuwa a kan yashi takan ja zuwa shuɗi-shuɗi ko ruwan hanta. Kada ka zaɓi launinta da ka. Ɗauko shi daga inuwar wani tudu a cikin hoton, ka zana a kan leya ta daban, wato shimfiɗar da manhaja ke ɗorawa bisa hoto ba tare da ta taɓa na ƙasa ba, ka sa leyar a yanayin maltiflai, mai ƙara duhu ba tare da rufe abin da ke ƙasa ba, don ƙwayoyin yashi su riƙa fitowa ta ƙarƙashinta. In inuwar ta hau tudu sai ta lanƙwashe tare da shi. Abu mai nauyin wannan dalla kuma ai nutsewa zai yi, don haka ka rufe ɗan gindinta da yashi, ka tara kaɗan a gefen da iska ke bugowa. Yashin ma yana mayar da haske sama: ƙasan cikinta ya kamata ya ɗauki ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗumi.

Nisa kuma yana cin launi. Ka tsaya a bakin teku da rana ka dubi dogayen gine-ginen da ke can nesa, ka ga yadda laimar Jidda take wanke su, kamar yadda hazon hunturu yake yi wa Dutsen Dala in kana hango shi daga nesa. Baƙin abu mai nisa ba ya kai baƙin na kusa. A hotonka wurin da ya fi ko'ina duhu shi ne mariƙin dalla, alhali ta fi mutumin nisa. Ɗaga duhunta kaɗan har ya yi daidai da duhun tudun da ke kusa da ita. Dabarar da nake yi ita ce in ɗora leyar da ke mai da komai fari da baƙi a can sama, in daidaita haske da duhu tukuna ba tare da launi ya ruɗe ni ba, sannan in cire ta in koma kan launi. Hasken tsakar rana wajen 5,500 ne a kelbin, ma'aunin launin haske, na dab da magariba yakan sauko wajen 3,000, ya yi ja, fitilar shago kuma sau da yawa tana ja zuwa kore. Ukun nan ne suke faɗa a hotonka.

Duk wannan wahalar tana raguwa da kashi mafi yawa in ka ɗauki kayanka da kanka a haske ɗaya. Masu wannan sana'a tun kafin kwamfuta haka suke yi. Oscar Rejlander ya haɗa hoto guda daga gilasan hoto fiye da 30 a Ingila a 1857. Philippe Halsman, a 1948, da yake son hoton Dalí yana tsalle, kyanwoyi uku da ruwa suna shawagi, sai da aka watsa ruwan aka jefa kyanwoyin sau 28 kafin ya samu yadda yake so. Jerry Uelsmann na Amurka, wanda ya rasu a 2022, ya yi gidan da ya tsiro daga saiwar bishiya a ɗakin wanke hoto, da na'urorin haska fim a jere, ba linzamin kwamfuta. Erik Johansson, ɗan Suwidin da ake yayinsa yanzu, da Photoshop yake haɗawa, amma shi yake fita ya ɗauki kayan aikinsa, wani lokaci har ya gina abin da hannu. Hotunan kyauta na shafukan Unsplash da Pexels suna da amfani, ni ma ina ɗauka, sai dai ranarsu ba taka ba ce, dole kai ka bi ta. Na Google kuwa da ka gani ka kwafa, yawancinsu da masu su.

Maganar manhaja gajeriya ce. Photoshop ya fito a 1990, aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma sai a 1994 aka sa masa leya. Abin da kake buƙata, wato leya da mas da gyaran haske, akwai shi a GIMP kyauta, akwai shi a Photopea da ake buɗewa a burauza, har fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, yana buɗewa. In manhajar shagonku da Larabci take, leya ita ce ɗabaƙa, mas kuma ƙina'i. Abu guda nake roƙonka: ka rabu da magogi. Na ga da shi ka yanke dallar, don bakin ya cinye a wuri biyu. Mas mayafi ne: ka shafa baƙi abu ya ɓuya, ka shafa fari ya dawo, ba abin da ya ɓace. Ka sassauta bakin yankan da rabin fiksel zuwa ɗaya, don babu abin da kyamara ke ɗauka da kaifin reza. A ƙarshe ka watsa ɗan ƙwaya-ƙwaya iri ɗaya a kan hoton duka, ya haɗe su kamar daga kyamara guda suka fito. In bugawa za ku yi a A3, fara aikin a fiksel 3508 da 4961. Ƙaramin hoto ba ya girma da addu'a.

Za ka ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana yin wannan cikin daƙiƙa. Tana yi, tun 2023 ma aka sa ta cikin Photoshop, kuma ina amfani da ita wajen ƙara faɗin sama ko share turken lantarki. Amma wanda bai san inda inuwa ya kamata ta faɗi ba, ba zai gane ranar da injin ya yi masa rana biyu ba. Kuma in da ita ka yi, ka faɗa. A 2023 Boris Eldagsen, Bajamushe, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da inji ya ƙirƙira, ya ƙi karɓar kyautar, don a san abu biyu ne daban.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Dalla da sahara da raƙumi kowa yana yi, ka buɗe Instagram ka gani. Kai Bahaushe ne haifaffen Jidda, ka taɓa ce min sau ɗaya ka je Kano. Me kake mafarki? Ƙofar wani gida a Balad da in an buɗe ta sai ga lungun Kurmi? Jakar Gana-mas-go da aka zuge, gero ya tsiro a ciki? Katin iƙama, na izinin zama a Saudiyya, da ya kai girman bango, mutum yana zaune a inuwarsa? Wannan ba wanda zai yi shi sai irinku. Ahmed Mater, likita ne da ya tashi a Abha, ya ajiye ɗan baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu, ya zuba garin ƙarfe kewaye da shi, garin ya yi da'ira. Duk wanda ya gani ɗawafi yake tunawa. An nuna shi a gidan tarihin Birtaniya a baje kolin aikin Hajji na 2012. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, wanda gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa a 2013, ya yi jerin zane a kan bishiyar da Sudanawa ke kira haraz. Gawo ne, namu na gona, mai kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Bishiyar da ke yin komai a juye, ka ga ai ita kanta mafarki ce tsaye. Kada ma ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai: a Alƙahira, a 1938, Georges Henein da abokansa sun kafa tasu ƙungiyar ta wannan salo.

Ka kuma san inda kake zaune. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta waɗannan na'urori. Kada ka ɗauki fuskar mutum a kasuwa ka ɗora ta a wani jiki, ko da wasa, mata kuwa ko kusa. Abokinka da ya tara finjali, ka nuna masa hoton ya yarda kafin ka saka. Ni a nawa aikin ba na taɓa Ka'aba da Harami biyu da ayoyi, ba na sa su shawagi, ba na narkar da su, kuma ina ba ka shawarar haka. Hukuncin surar mai rai kuwa malamai sun yi magana a kai, sun kuma saɓa game da hoton kyamara. Wannan ka kai wa malaminka. In zuciyarka ba ta natsu ba, ƙofa da bishiya da jaka da dalla sun ishe ka aiki na shekaru.

Ga abin da za ka yi ranar Juma'a in an rufe shago. Bayan la'asar da kamar awa ɗaya, hau saman rufin gidanku da dallar da tabarma ko zane mai launin yashi, in ka sami yashin gini cikin faranti babba ma ya fi. Goge ta tas, don shatin yatsa in an ninka shi sau 40 ya zama tabo. Ajiye ta yadda rana za ta bugo ta daga dama kamar a hoton saharar, nesa da tankin ruwa da dish don kada su fito a cikinta. Waya a santimita 4, nisa mita 1, ka sa lokaci ka ja da baya don kai ma kada ka fito. Kada ka ɗaga ta sai ka ɗauki inuwarta ta gaske a kan zanen, ita za ka ɗora a maltiflai maimakon zanawa. Abokinka ma a wannan sa'ar za ka ɗauke shi, rana ta damanka yadda take a hoton, kai kana tsaye. Yashin da ke zuba kuma ka sa wani ya tsiyayo shi daga kofi a gaban baƙin ƙyalle, ka ɗauka sau goma ka zaɓi ɗaya. In ka haɗa, juya hoton hagu ya koma dama ka kalle shi, kuskuren da ido ya saba da shi yakan fito nan take. Sannan ka turo min fayil ɗin da leyoyinsa a matsayin takarda, kada ka turo ta hanyar hoton WhatsApp, yana matse shi har bakin yankan ba ya ganuwa.